Motar wasanni mai araha, yadda ta fito daga kamfani: za ta iya ranar fili?

Ɗan Auta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin manyan da suka riga mu shiga harkar.

Na daɗe ina son shiga filin tseren motoci a irin ranakun nan da ake buɗe wa kowa, waɗanda ba gasa ake yi ba, kowa ya zo da motarsa ya yi ta zagaye. Motar da aljihuna ya kai gare ta ita ce Mazda MX-5 zubi na biyu, wadda ake ce wa NB, inji 1.8, giyar hannu. Ta hannu ce, amma yadda kamfani ya fito da ita haka take, ko salansa ba a taɓa sauya mata ba. Wani abokina ya ce kada ma in fara, wai sai na sa mata turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, na sauya shokazoba da sifirin, na sa manyan birki da faffaɗan tayoyi, in ba haka ba ko in kashe motar ko in zama mai tare wa mutane hanya. Da na lissafa abin da ya zayyano sai na ga ya fi kuɗin motar kanta. Shin haka abin yake, ko zan iya shiga da ita a yadda take?

Baban Ummi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka shiga da ita, kuma kada ka sa mata ko ɗaya daga cikin abubuwan da abokin naka ya lissafa.

Ka duba irin motar da ke hannunka. Tun da aka fara nuna MX-5 a 1989 manufar masu ƙera ta ɗaya ce: ƙaramar mota mara nauyi, mai jan baya (wato tayoyin baya ne suke tura ta), nauyinta a rabe kusan daidai tsakanin gaba da baya, irin salon Lotus Elan, wata ƙaramar motar wasanni ta Ingila ta da. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. A Amurka akwai ajin gasa guda da ake kira Spec Miata, duk motocin da ke ciki irin taka ne da wadda ta gabace ta, kuma dokar ajin ba ta yarda a cika taɓa inji ba. Motar da ake gasa da ita da injin kamfani ba za ta gaza ɗaukar sabon shiga a ranar da ko lokaci ba a ƙirgawa ba.

A ranarka ta farko ba motar ce za ta rage maka gudu ba, kai ne. Za ka taka birki tun kafin lokaci, ka shiga kwana da wuri, idonka na kan bonet maimakon inda kwanar ta fita. Turbo ba ya gyara wannan, sai dai ya sa kuskuren ya faru da gudun da ya fi ƙarfin hannunka.

Sai dai akwai sharaɗi. Rashin kwaskwarima daban, rashin sabis daban. Motar da ba a sauya mata komai ba za ta iya fili. Motar da ba a duba mata komai ba, ba za ta iya ba.

Mai Jan Baya

Yallabai Baban Ummi, ina girmama maganarka amma ban yarda da ita duka ba. Ƙarfin doki 140 ne fa a injin motar nan. Duk miƙaƙƙiyar hanyar da aka fito yaron nan madubi zai koma kallo, yana ɗaga ƙafa yana ba mutane hanya. Mutum ya biya kuɗin shiga, ya ƙona fetur da taya, sannan ya wuni yana kaucewa? Ni na ga mutanen da wannan ya sa suka daina zuwa gaba ɗaya. In dai arahar ake so, ga Nissan 350Z nan, V6 mai lita 3.5, doki wajen 280, ita ma jan baya ce, ita ma ba sai an taɓa ta ba. Ɗan Auta, in da hali ka sayar ka ƙara kaɗan.

Injiniya

Malam Mai Jan Baya, ka kawo lissafin doki ka bar lissafin nauyi, alhali shi ne yake cin kuɗi a fili. NB ba ta kai kilo 1,100 sosai ba, 350Z kuwa tana wajen kilo 1,500. Duk ƙarfin da mota ta tara a guje, birki ne zai mayar da shi zafi kafin kwana, kuma ƙarfin nan yana tafiya da nauyi, sannan yana ninkuwa sau huɗu in gudu ya ninka sau biyu. Wato mota mai nauyi da ta fi gudu tana azabtar da birkinta ta hanya biyu a lokaci guda.

Bari in ba da misali da motar Ɗan Auta. Idan ya sauko daga kilomita 160 a awa zuwa 80, zafin da birkinsa zai haɗiye ya haura kilojul 800. Wannan ya isa ya tafasa ruwan sanyi fiye da lita biyu, kuma cikin daƙiƙa uku ake zuba shi a faifan birki. Kafin faifan ya huce an iso wata kwanar. A titi mutum zai yi shekara bai yi irin wannan takawar sau biyu a jere ba, a fili kuwa kowane zagaye sai ya yi ta sau da yawa. Shi ya sa nake ganin ƙaramar mota ita ce ta fi jure fili da kayan kamfani. Mai nauyin ce take fara neman manyan birki da na'urar sanyaya baƙin mai.

Ɗan Auta

Na gode ƙwarai. To Injiniya, birkin kamfanin zai ɗauki wannan zafin kuwa? Nan ne tsorona yake.

Injiniya

Faifan da ƙarfen da ke matse shi za su ɗauka. Abu biyu ne suke gazawa, kuma kowanne da alamarsa.

Na farko man birki. Yana shan danshin iska a hankali ko da ba a buɗe murfinsa ba, kuma gwargwadon ruwan da ya sha gwargwadon saurin tafasarsa. Man birki aji-aji ne, ana rubuta ajin a jikin gwangwaninsa da DOT. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, wanda ya sha ruwa kuma 140. DOT 4 230 da 155. DOT 5.1 260 da 180. Ka ga tsohon DOT 3 da ya shekara uku ko huɗu a mota bai da nisa da 140, wanda zagaye kaɗan ya isa ya kai shi. In ya tafasa sai kumfa ta shiga layin, ka taka feda ta tafi ƙasa lagwab babu kamu. Wannan shi ne mafi haɗari domin ba ya yawan yin gargaɗi. Maganinsa mai sauƙi ne, a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabon DOT 4 mai kyau kafin ranar. Akwai irin na tsere da suke wuce digiri 300, su ma DOT 4 ne a rubuce. Kada dai ka kuskura ka sayi DOT 5 zalla, shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Na biyu takalmin birkin. In ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, fedar tana nan da tauri amma motar ba ta tsayawa yadda ta saba, ga wari. Wannan yana zuwa a hankali, za ka ji shi, sai ka sassauta ka yi zagaye guda ba ka matsa ba. Kuma ka tabbatar naman takalmin ya fi rabi kafin ka je, domin siririn takalmi ya fi saurin miƙa zafi ga man.

Mai Jan Baya

To ai ga shi nan. An ce kada a taɓa mota, yanzu an fara da man birki, gobe a ce takalmi mai jure zafi, jibi taya. Ina bambancin da abin da abokinsa ya gaya masa tun farko?

Baban Ummi

Bambancin a fili yake Malam. Man birki da takalmi da baƙin mai da taya kayan ƙarewa ne, ko ba ka je fili ba dole wata rana ka sauya su. Zaɓen mai kyau a cikinsu ba ya sauya halin motar. Turbo da shokazoba masu tauri suna sauya halinta, kuma kowannensu yana jawo ɗan'uwansa. Ka ƙara doki, kuloci ya fara zamewa, lagireto ya kasa, birki ya yi kaɗan. Ka gyara waɗannan, giya ta fara kuka. Mutum sai ya wayi gari motar tana gareji fiye da yadda take fili, kuɗin da zai biya ranaku da malamin tuƙi duk sun tafi kan ƙarfe.

Maganar ba da hanya kuwa, gaskiya ne zai bayar. Amma masu shirya ranakun nan suna raba mutane rukuni-rukuni, sababbi da sababbi, kuma wucewa sai a miƙaƙƙiyar hanya, sai da yardar na gaba. Ɗaga ƙafa na daƙiƙa biyu ne. Abin da ya rage na zagayen duk kwana-kwana ne, a can kuma ƙaramar motar ba ta jin kunyar kowa.

Maman Hanan

Sannunku da muhawara. Ni Toyota GT86 nake shiga da ita, kuma ina so in tsaya kan taya domin nan ne na ga an fi yaudarar sababbi.

Lokacin da Toyota da Subaru suka fito da motar nan a 2012, doki 200 ne kawai, kuma tayar da suka sa mata Michelin Primacy ce mai faɗin milimita 215, irin wadda ake samu a wasu Toyota Prius, motar hawan yau da kullum. Mutane sun yi ta surutu, amma da gangan aka yi. Tayar da ba ta cika damƙar ƙasa ba tana fara zamewa a gudun da mutum zai iya gyarawa, tana kuka tun kafin ta saki, kuma tana saki a hankali. A nan ake koyon abin da ake zuwa fili dominsa: yadda nauyi yake komawa gaba in ka taka birki, yadda gaba yake ƙin shan kwana in ka shigo da gudu, yadda baya yake son fita in ka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana. Tayar tsere mai danƙo tana ɓoye duk wannan. Kana kuskure tana rufa maka asiri, har ranar da za ta saki, ta saki a gudun da ba ka taɓa gyara mota a kansa ba.

Sannan danƙon ba kyauta ba ne. Yana ƙara wa boris da birki aiki, kuma a doguwar kwana yana iya tura baƙin mai gefe guda a cikin sam, wato kaskon da man yake taruwa a ƙasan inji, famfon ya ja iska maimakon mai. Injin da aka tsara shi da tayar titi a rai ba kasafai yake shiga wannan halin da tayar titi ba. Ɗan Auta, tayar titi mai kyau, huɗu iri ɗaya, ta ishe ka shekararka ta farko.

Oga Bakanike

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni kuma bari in faɗi abin da zan duba in aka kawo min motar nan aka ce fili za ta.

NB mafi ƙuruciya ta haura shekara ashirin ko tana dab da haka, don haka roba da tsatsa ne abokan gabarka, ba inji ba. Injin nan yana da juriya in akwai mai da ruwa. Ka buɗe bonet ka dubi saman lagireto. Roba ce, asalinta baƙa, in ka ga ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ko kore-kore to ta gasu, kowane lokaci tana iya tsagewa. Sauya ta da irin ta kamfani, wannan ba kwaskwarima ba ce. Ka matsa kowace tiyon ruwa da hannu, har ƙananan da ke bayan inji. Ka tambayi yaushe aka sauya bel ɗin taimin da famfon ruwa, in ba a sani ba a sauya.

Daga nan a ɗaga ta sama. NB tana da ciwon tsatsa a ƙarafan shasi na gaba da kuma gefen bodi ta ƙasan ƙofa kusa da tayar baya, kuma daga ciki take ci, fenti na nan lafiya. A ƙwanƙwasa, kada a tsaya ga kallo. In shasin gaba ya ruɓe maganar fili ta ƙare sai an yi walda. A girgiza kowace taya sama da ƙasa a ji ko boris ya yi wasa, a duba tiyon birki ko ta tsattsage, a duba shokazoba ko tana yoyo. In tana yoyo a sa sabuwa irin ta asali. A yi juyen baƙin mai, a cika shi har layin sama, kada a wuce.

Abu guda da zan ƙara wanda ba sai ka sayi komai ba shi ne alaimen. Ƙafafun motar nan suna da notin saiti tun daga kamfani, gaba da baya, ana iya ɗan kwantar da saman tayoyin ciki. Yana rage cinyewar gefen waje na tayar gaba, wanda shi ne yake fara ƙarewa a fili.

Kawu

Duk kun yi maganar abin da zai kare motar, ban ji wanda ya yi maganar abin da zai kare yaron ba. MX-5 buɗaɗɗiya ce. Rufin tanti ne, kuma NB ba ta fito da ƙarfen kariya a bayan kujera ba. In mota ta zame ta shiga tsakuwa a karkace, ko ta bugi gefen hanya, tana iya kifewa, ba sai da mugun gudu ba. Me zai tare kansa?

Masu shirya ranaku da yawa, musamman a Amurka, ba sa barin buɗaɗɗiyar mota ta shiga sai da ƙarfen kariya na gaske. Har gwaji suke yi: direba ya zauna da hular kwanonsa, a ɗora miƙaƙƙen sanda daga saman gilashin gaba zuwa saman ƙarfen, dole hular ta kasance ƙarƙashin sandan. Wasu wuraren ba sa tilastawa, amma rashin tilastawa ba ya sauya abin da zai faru in ta kife. Ɗana, wannan kwaskwarimar guda ɗaya ni ba zan ce ka bar ta ba. Kuma ka kiyayi ƙarafan ado masu ƙyalli da ake ɗaurawa bayan kujera, ba sa ɗaukar nauyin mota, lanƙwashewa suke yi zuwa inda kanka yake.

Baban Ummi

Kawu ya yi gaskiya, kuma maganarsa tana gaba da tawa. A buɗaɗɗiyar mota ƙarfen kariya yana cikin sharuɗɗan shiga, ba ya cikin kayan ƙarin gudu. A sa wanda aka ɗaure da shasi, a naɗe shi da soson da aka yi domin haka, saboda a titi ba ka da hular kwano kuma ƙarfen yana kusa da ƙeyarka.

Mai Jan Baya

To kun ga abin da nake faɗa. Da mai rufin ƙarfe ya saya da duk wannan bai taso ba. Kuma tunda za a sa ƙarfen, sai a haɗa da kujerar tsere da bel mai igiya huɗu a huta.

Injiniya

Rabin farko na maganarka na karɓa. Wanda bai sayi mota ba tukuna, mai rufin ƙarfe ta fi sauƙin sha'ani, GT86 ko tagwayenta Subaru BRZ ko ma ƙaramar mai jan gaba. Amma Ɗan Auta ya riga ya mallaki tasa, ƙarfe guda ya fi sauya mota sauƙi.

Rabi na biyun kuwa a yi hattara. Bel ɗin kamfani da kujerar kamfani da jakar iska tsari guda ne, tare aka gwada su. Bel ɗin tsere da kujerar tsere da hular kwano da abin riƙe wuya da ake kira HANS su ma tsari guda ne. Haɗarin yana wurin gauraya rabi da rabi. Bel mai igiya huɗu da ba shi da ta tsakanin cinyoyi yana iya hawa ciki a lokacin karo, mutum ya sulale ta ƙarƙashinsa. Kuma in ka ɗaure kafaɗu tamau ba ka riƙe wuya ba, kai da nauyin hula ne kaɗai za su yi gaba. Ko a yi tsarin duka, ko a bar na kamfani yadda yake. Ga sabon shiga na kamfanin ya wadatar.

Ɗan Auta

Kawu na ji, kuma zan sa ƙarfen kafin komai. Hular kwano fa, ta babur za ta yi? Sannan ina jin ana maganar inshora.

Maman Hanan

Hula ya danganta da masu shirya ranar. Akwai tamburan da ke nuna an gwada ingancin hula. Wasu suna karɓar ta babur mai tambarin ECE, wasu sai mai tambarin Snell, wasu ma sai Snell SA wadda aka yi domin mota. Ka karanta takardarsu kafin ka saya, da yawa kuma suna bayar da haya.

Inshora kuwa ka ɗauka babu, sai in ka gani a rubuce. Yawancin inshorar titi ta cire filin tsere ƙarara, kuma a ranakun nan ƙa'idar da aka saba ita ce kowa ya ɗauki asarar motarsa, ko da wani ne ya buge shi. Akwai inshorar rana guda da ake saya daban. A filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, in ka bugi shingen ƙarfe kai za ka biya gyaransa, da motar da ta janye ka, da lokacin da aka rufe hanyar. A wurina wannan ita ce babbar hujjar mota mai araha, ta fi duk maganar doki. Kada ka shiga fili da motar da in ta lalace rayuwarka za ta tsaya. Wanda yake tsoron asarar motarsa a kowace kwana jikinsa a sandare yake, ba ya koyon komai.

Oga Bakanike

Ga wata fa'idar barin ta yadda take da ba a ambata ba: ƙara. Filaye da yawa suna da iyakar ƙara saboda maƙwabta. A Ingila kafin ka shiga sai an kara na'ura rabin mita daga bakin salansa, ka taka totur zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakar inji, in ka wuce adadinsu ka koma gida. Laguna Seca a Kalifoniya tana da ranakun da iyakar desibel 90 ce. Masu salansar kasuwa su ne suke wahala, mai ta kamfani ya wuce abinsa.

Mai Jan Baya

Wannan kam haka ne. Amma Hajiya, ke da kike yabon zamewar taya, ai sai an kashe na'urar hana zamewa ake jin ta. Da ita a kunne kwamfuta ce take tuƙin.

Maman Hanan

Ba a ranar farko ba Malam. Na'urar ba ta shiga sai ka yi abin da ya fi ƙarfin taya, don haka duk lokacin da fitilarta ta ƙifta tana nuna maka inda hannunka ko ƙafarka suka yi gaggawa. In ka kai inda kake zagaye da gudu fitilar ba ta ƙiftawa, sannan a yi maganar rage ta, kuma da malami a gefe. Ɗan Auta dai wannan bai shafe shi ba, NB ba ta da ita, wasu ma ko ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, babu. Shi ya sa nake ƙara jaddada masa tayar titi da kuma malami. Kusan kowace ranar fili akwai masu koyarwa da za su zauna kusa da kai na zango guda, wato shiga ɗaya cikin fili. Babu wani ƙarfe da za ka saya da kuɗin da zai rage maka lokaci kamar wannan.

Baban Ummi

Bari in ƙara abin da ya shafi ranar kanta, tunda motar kamfani tana son a lallaɓa ta da tsari.

Kada ka daɗe a ciki. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa zango guda, ko da an bar ƙofa a buɗe duk wuni. Zagayen farko na ɗumama taya da mai ne, na ƙarshe na hucewa ne, ka yi shi kusan ba ka taɓa birki ba domin iska ta ratsa faifan. In ka fito ka tsaya, kada ka ja birkin hannu, takalmin zai manne da faifai mai zafi ya bar masa tabo, daga baya ka ji sitiyari na rawa. Sa ta a giya ka kashe, ka buɗe bonet.

Ka riƙe gejin iska. Taya tana ɗaukar zafi iskar cikinta ta hau sosai, don haka da ka fito ka auna tana da zafi, ka rage ta dawo kusa da abin da kamfani ya rubuta ko sama da shi kaɗan. Da yamma kafin ka kama hanyar gida ka mayar da iskar da ka rage. Ka duba baƙin mai bayan kowane zango, injin da ba ya shan mai a titi yana iya sha a fili. Notin wili a duba su in sun huce. Fetur kada ya sauka ƙasa da kwata, domin yana tafiya da sauri fiye da yadda ka saba, kuma a kwana yana iya guje wa famfo. Ka kwashe komai daga cikin motar, har kafet ɗin ƙafa, kada wani abu ya shige ƙarƙashin feda.

Tutoci za a yi muku bayaninsu da safe, ka saurara da kyau. Rawaya haɗari a gaba, rage gudu, babu wucewa. Ja an tsayar da zangon. Shuɗiya akwai mai sauri a bayanka. Baƙa kai ake kira, ka fito. Idonka kuma ya riƙa leƙa allurar zafin inji a kowace miƙaƙƙiyar hanya. A motar nan allurar ba ta motsi sai abu ya yi nisa, don haka da ka ga ta gota tsakiya ka sassauta nan take ka fito.

Ɗan Auta

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Yau na kai ta an ɗaga. Shasin gaba lafiya, boris lafiya, amma saman lagireton ya koma ruwan ƙasa kamar yadda Oga ya faɗa, man birkin kuma ya yi duhu. Za a sauya su, na kuma yi odar ƙarfen kariya. Saura taya. Zanensu yana nan da kauri kamar sababbi, amma na gaba iri ɗaya ne, na baya wani iri. A jikin na bayan na ga an rubuta 2316 bayan DOT. Zan iya yin ranar farko da su?

Oga Bakanike

A'a ƙanena, sauya su. Lambar nan tana nufin mako na 23 na shekarar 2016 aka yi su. Kaurin zane ba ya nuna lafiyar tsohuwar taya, robar ta riga ta bushe ta yi tauri, kuma a baya take, inda motar jan baya ta fi buƙatar kamu. Ga shi kuma gaba da baya ba iri ɗaya ba, ba za ka san wanne zai fara saki ba, kuma amsar tana iya sauyawa in sun yi zafi ko in aka yi ruwa. Sayi huɗu iri ɗaya, girman da kamfani ya rubuta, ka duba lambar kowacce kafin a ɗaura. Ka yi 'yan kwanaki kana yawo da su a titi tukuna, tare da sabon takalmin birkin, domin santsin sabunta ya goge kafin ranar. Na gaban in lambarsu ba ta tsufa ba ka ajiye guda a matsayin safaya.